Tsaka Mai Zanko da Ranar da Zafi Ya Kai Digiri 40 a Ingila

A gidan da na tashi, tsaka ba ta kwana biyu a bango. Da an gan ta, wani zai ɗauko takalmi. Shi ya sa ranar da na gaya wa mahaifiyata ta waya cewa ina kiwon tsaka a ɗakina a Landan, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Da kuɗinka ka saya, ko kyauta aka ba ka?" Na ce, "Da kuɗina, Hajiya." Ta ce Allah ya kyauta, muka koma wata maganar.

Wadda na saya ba irin ta bangon gida ba ce. Sunanta na kimiyya Correlophus ciliatus, asalinta kuma tsibiran Sabuwar Kaledoniya ne, wani yanki na Faransa a kudancin tekun Fasifik. Tana da layi biyu na 'yan tsinkayen fata masu laushi da suka taso daga saman idanunta zuwa gadon bayanta, kamar zanko. Masanin dabbobi Alphonse Guichenot ne ya fara bayyana ta a 1866. Daga baya aka daina ganinta har aka zaci ta ƙare, sai a 1994 aka sake gano ta. A yau kusan duk wadda za ka gani a shagon dabbobi a Turai ko Amurka haihuwar gida ce.

Masu sayarwa suna cewa ita ce ta fi dacewa da ɗan koyo, kuma akwai gaskiya a maganar. Abincinta gari ne da aka haɗa da 'ya'yan itatuwa, irin na Repashy ko Pangea, a dama da ruwa a zuba a ƙaramin murfi bayan kwana bibbiyu. Lokaci-lokaci a ƙara mata da gyare da aka barbaɗa wa sinadarin kalsiyam, domin rashinsa yana lanƙwasa ƙasusuwanta. Mazauninta akwatin gilashi ne mai tsayi, kamar santimita 45 a faɗi da 60 a tsaye, cike da rassa da ganyaye, saboda rayuwarta a kan bishiya take. Da yamma a fesa ruwa, ta lashe ɗigon da ya maƙale a ganye, sannan a bar akwatin ya sha iska da rana. Ba ta da fatar ido, don haka da harshe take goge idonta. Maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, faɗa za su yi.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne zafi. Na saba ganin ƙadangare yana shanya jikinsa a tsakar rana, na ɗauka duk danginsa haka suke. Ita wannan 'yar daji ce mai laima, da dare take fita. Tana jin daɗi tsakanin digiri 22 da 26 a ma'aunin Salsiyas, idan kuma zafi ya daɗe a sama da 29 ko 30, yana iya kashe ta.

Ranar 19 ga Yulin 2022, zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko tun da aka fara ajiye lissafi. Ɗakina a bene na sama yake, babu na'urar sanyaya ɗaki. Da na dawo, ma'aunin da ke cikin akwatin yana nuna 32, ita kuma tana ƙasa, ta lafe a wata kusurwa. Na ruɗe. Na sa hannu zan mayar da ita ƙaramin akwati in sauka da ita ƙasan bene, ta yi tsalle, ni kuma na cafke abin da hannuna ya samu. Jelarta ce. Ta tsinke ta bar min ita tana motsi a tafin hannuna.

Tsakar gida idan ta yar da jela wata takan tsiro. Wannan jelarta ba ta dawowa har abada. Ta rayu, domin na kewaye akwatin da robobin ƙanƙara naɗe cikin tawul, kuma rashin jela ba ya hana ta ci ko hawa. Amma da na tanadi waɗannan robobin tun da aka yi hasashen zafin, da ban kai ga taɓa ta ba.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni, ina fara masa da abu uku. Ya sayi ma'aunin zafi kafin ya sayi dabbar, ya auna ɗakinsa a ranar da ta fi kowace zafi. Idan a Kano ko Sakkwato yake, inda watan Afrilu kan kai digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas, ya haƙura, sai in yana da sanyin da ba ya yankewa. Na biyu, kada ya kama ta, ya bar ta ta tako daga wannan hannu zuwa wancan, a kusa da ƙasa. Na uku, ya tuna tana iya kai shekara 15 zuwa 20, ya tambayi kansa wa zai riƙe ta idan ya yi tafiya ko aiki ya sauya masa gari.

Tawa tana nan, gundul da ita. Duk bazara, tun daga watan Yuni, robobi huɗu ba sa barin firijina.