Kalambaina: Inda Teku Ya Bar Sawunsa

Yamma da birnin Sakkwato, a ƙaramar hukumar Wamakko, akwai Kalambaina. Tun daga nesa za ka hango dogayen hasumiyoyin masana'antar siminti, da manyan motoci suna shige da fice. Amma abin kallon yana cikin ramukan da ake haƙar dutsen farar ƙasa. Duba dutsen da kyau, za ka iya cin karo da siffar katantanwa ko ƙumba a manne. To, me ya kawo halittun ruwa wannan busasshen wuri?

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku ne mara zurfi ya lulluɓe yankin, ya ratsa ta inda Sahara take a yau. Har ma an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku a wannan yanki, aka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo.

Ga yadda dutsen ya samu. Ruwan sama yakan haɗiye iskar kabon, ya zaizaye duwatsu, koguna su kwashi abin da ya narke zuwa teku. Can sai ƙananan halittu su gina ɓawonsu da kabon da sinadarin kalsiyam. Idan sun mutu, ɓawon ya nutse, wani kan wani, har ya daskare ya zama dutse. Da tekun ya janye, kabon ya zauna a kulle.

Yau ana buɗe wannan taska. Idan aka gasa dutsen a tanderun siminti, mai zafin kusan digiri 1,450, kowane tan na tsantsarsa yakan saki kimanin kilo 440 na iskar kabon. Daga nan gero da darbejiya su zuƙi wani kaso su yi girma da shi. Mu ci geron, mu numfasa, ya sake komawa sama. Tekunan duniya kuma suna shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗan Adam ke fitarwa. Ragowar da ta taru a sama ita ke ƙara ɗumamar yanayi.

Matsalar ta sauri ce: abin da teku ya tara cikin miliyoyin shekaru, muna sakinsa cikin sa'o'i. Muna bukatar gidaje da makarantu, kuma muna bukatar damina mai albarka. Wataƙila a ajinku ne mai gano yadda za a samu duka biyun yake zaune.