Jitar Bahagon Azawak

Da wayar birkin keke Mdou Moctar, bahagon makaɗi ɗan Azawak a jihar Tawa, ya ƙera jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma ta wayoyin salula waƙoƙinsa suka ratsa Sahara kafin su kai Amurka.

Makaɗin nan bai iya ɓoye magana ba. Cikin faifan Afrique Victime (2021) da Funeral for Justice (2024) ya tuhumi Faransa da kwasar arzikin Afirka; a hirarrakinsa ya sha tambayar dalilin da ƙasar yuraniyom ke kwana cikin duhu. Galibin waƙoƙinsa da Tamashek yake rera su, har yana gargaɗin danginsa kada su yar da harshensu.

Wannan gargaɗi ya taɓa ni, ni da ke koyar da Faransanci da Hausa. A Dogon Dutsi da Tibiri ɗalibaina na alfahari da rubutun Faransanci, amma su ji kunyar Arewancin kakanninsu. Ya ku malamai, mu nuna musu Buzun da duniya ta saurara da harshen gidansu.