Amanar Gwaggo da Ƙwarin Ganye

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, amma ni ban san nauyin wannan magana ba sai da wani baƙon tsiro ya kusa mutuwa a hannuna. A gidan gwaggona nake zaune tun da na fara karatu a jami'a. A falonta akwai wani tsiro cikin kasko, wanda masana ke kira shafilera, asalinsa kuwa daga tsibiran Taiwan da Hainan yake. Kowane ganyensa yatsu bakwai zuwa tara ne a baje kamar laima, shi ya sa muke ce masa ɗan laima. Marigayi mijinta ne ya dasa shi, saboda haka ba ta haɗa shi da kome. Ranar da za ta tafi jinya ta wata uku, ta kira ni ta ce, "Ɗana, ga amana nan na bar maka." Na ce, "Gwaggo, in Allah ya yarda yadda kika bar shi haka za ki same shi."

Abin da na sani game da tsiro a lokacin bai wuce ban ruwa ba. Bayan kamar wata guda sai na ga ganye yana yin rawaya yana zuba, wanda bai zuba ba kuma yana danƙo, ga tururuwa tana hawa tana sauka. Da na juya bayan ganyen sai na tarar da wasu ƙwari farare kamar ɓurɓushin auduga sun yi cincirindo a gindin kowane yatsa. Hankalina ya tashi, na ɗauko maganin sauro na feshe tsiron kaf. Kafin kwana biyu sababbin ganyen suka ƙone, ƙwarin da suka ɓuya a lunguna kuwa suna nan daram. Ashe gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Da abin ya fi ƙarfina sai na buga wa mahaifina waya, shi da noma ne sana'arsa. Ina gama bayani ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai wannan danƙon darɓa ce, irin wadda kake gani a ganyen dawa. Je ka nemi darbejiya." Kunya ta kama ni, domin na ɗauka baƙon tsiro sai baƙon magani.

Daga baya na bincika na gane yadda abin yake. Ƙwarin nan tsotse ruwan jikin tsiro suke yi, sa'an nan su fitar da wani ruwa mai zaƙi. Shi ne tururuwa ke bi, har takan kāre su daga maƙiyansu, kuma a kansa ne baƙar fumfuna ke tsirowa ta hana ganye samun haske. Farin abin da ke jikinsu kakin zuma ya yi kama da shi, ruwa ba ya ratsa shi. Game da darbejiya kuwa, a shekarar 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye tsirrai amma ta bar wannan itace. A 1968 aka ware sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, wanda ke hana ƙwaro cin abinci da yin saɓa. Wato abin da manoma suka daɗe da sani shi ne masana suka tabbatar.

Sai na kama aiki. Na raba kaskon da sauran tsirrai, na yanke rassan da suka lalace. Na riƙa jiƙa auduga da sifirit ina goge ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, domin sifirit na narkar da farar rigarsu. Na daka 'ya'yan darbejiya na jiƙa su suka kwana, na tace, na zuba ɗan sabulu kaɗan, na gwada a ganye guda tukuna, sa'an nan na fesa gaba da baya da yamma. Kowane mako sai na maimaita, domin ƙwayayen da suka tsira suna ƙyanƙyashewa, kuma a nan ne mai gajen haƙuri ke faɗuwa. A mako na shida ne na ga ɗanyen toho ya leƙo, babu ƙwaro ko ɗaya a jikinsa.

Da Gwaggo ta dawo ban ɓoye mata kome ba. Ta daɗe tana duban rassan da na yanke, sa'an nan ta shafa sabon tohon ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Tun daga ran nan, duk sa'ad da na je ba ɗan laima ruwa, sai na fara juya ganyensa na duba bayansa.