Ranar da na kira Inna

A shekarata ta biyu a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar da ke Abbasiya, ɗakinmu ɗaya da wani ɗan ƙasar Tailan. Musulmi ne, amma kakarsa mabiyar addinin Buddha ce. Wani dare ya tarar ina ta ƙorafi: guzuri ya ƙare, na faɗi jarrabawar nahawu, ga sanyin Alƙahira. Na ce ni kam ba ni da sa'a.

Sai ya ba ni labarin wani nassi da kakarsa ke yawan karantawa, Mangala Sutta. An tambayi Buddha mece ce albarka mafi girma, ya lissafa abubuwa 38. Tarin dukiya ba ya ciki. Akwai zama da masu hankali, kula da iyaye, godiya, wadatar zuci da haƙuri.

Jikina ya yi sanyi. Tun a makarantar allo aka koya mini waɗannan, amma ga shi wata biyu ban kira Inna ba, saboda kunyar faɗuwata.

Da asuba na kira Zariya. Ta ce, "Jarrabawa a sake ta. Muryarka nake jira."