Fensirin Malam

Abokaina a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna ce mini "gara", wai ba na ganin tsohuwar takarda in wuce. Ba su yi ƙarya ba. Shekara uku ke nan ina tara tsofaffin bugun littattafan aljanu da jarumai: Ganɗoki na Bello Kagara, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Na farkon biyu sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934. Wancan bugun shi ne mafarkina, kuma har yau bai shigo hannuna ba.

Na dai koyi gane shekarun littafi. In ka ga sunan NORLA, na shekarun 1950 ne. In NNPC ce, daga 1966 zuwa sama. In farashin bango sule ne, to ya girmi naira, wadda ta fito a 1973. Da wannan ɗan ilmin nake ratsa Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina in kuɗin bursa ya faɗo, in dawo da littafi guda da aljihu wayam.

Amma mafi daraja cikin tarin ban saye shi ba. Ruwan Bagaja ne mai farashin sule, na kakana marigayi, wanda ya yi fataucin gyaɗa. Na tsince shi cikin adakarsa a gidanmu na Madarunfa, gara ta ci gefe guda. Na sa shi cikin leda, na kulle, na hana kowa taɓawa.

Hutun bara, da dare, sanyin tabki na busowa, kakata ta ce: "Kai maigida, ɗauko littahin Malam ka karanta mini Zurƙe." Ita ba ta yi lakwal ba, amma ta san Alhaji Imam da Malam Zurƙe kamar maƙwabta. Tsoron kar ya yage ya sa na ɗauko sabon bugu. Ban kai shafi biyu ba ta tsai da ni.

"Wanga ba shi ba na. Malam ba haka yaka hwaɗi ba."

Na ce labarin ai ɗaya ne. Ta yi shiru, ta juya fuska ga bango.

Da safe na kwance ledar. Ashe ƴan zane-zanen fensirin da na ɗauka ɓarna ce gyara ne. Inda aka buga "tafi" ya sa "tahi", "fari" ya koma "hwari", "yana" ya zama "shina". Malam ya mai da Hausar Zariya bakin Maraɗi, kalma kalma, don matarsa ta ji labarin da harshen ɗakinta. Ni mai nazarin karin harshe, shekara biyu ina zaune bisa wannan, ban duba ba, don ina gadin bango.

Daren nan na karanta mata daga tsohon, ina bin fensirin. Shafi guda ya ɓalle a hannuna, gabana ya faɗi. Ita kuwa tana ta dariyar Zurƙe har da share hawaye.

Na manne shafin da ƙaro. Ledar kuma ta karɓe, ta zuba daddawa.