Daga Serengeti zuwa Zanzibar: kafin ku ɗaure kaya

Idan kuna shirin hutun nan da ake farawa da kallon zakuna da giwaye a dajin Serengeti, a ƙare da shan iska kan farin yashin Zanzibar, ku sani tsadar masauki ba ta korar ƙwari. Dajin yana da ƙudan tsando mai kawo ciwon barci, kuma baƙaƙe da shuɗayen tufafi ke jawo shi, don haka ku zaɓi masu ruwan ƙasa.

Tanzaniya na neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga matafiyan Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 katin yake aiki. Maganin doxycycline da ake sha don kariya daga maleriya kuwa yana sa rana ta ƙona fata da sauri a bakin teku, kuma ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Ku ga likita tukuna, sannan ku sayi tikiti.