Ƙaramar Hukumarmu da Aka Rushe

A ƙasar nan tamu akwai ƙananan hukumomi 774, kuma babu ɗayanmu da ba a rubuta sunan guda daga cikinsu a takardarsa ta shiga makarantar nan ba. A aji mukan haddace shekarun da aka ƙirƙiro su saboda jarrabawa, amma ba safai akan yi mana bayanin yadda ake rushe su ba, alhali kuwa an taɓa rushe ɗaruruwa a lokaci guda. Garinmu yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo muku labarin yadda na ji shi daga bakin kakana da mahaifina, tare da abin da na karanta a laburaren makaranta, don waiwaye adon tafiya ne.

Kafin 1976, mulkin karkara a Arewa yana hannun En'e, wato Sarki da majalisarsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi gyara, aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kowace ta ƙunshi mutane daga 150,000 zuwa 800,000, don kada ta yi ƙanƙantar da za ta kasa riƙe kanta, kada kuma ta yi girman da za ta yi wa talaka nisa. Da farar hula suka karɓi mulki a 1979, sai gwamnoni da majalisun jihohi suka shiga datsa su. Kowane babban gari yana son tasa, kowane ɗan siyasa yana son a ce shi ya kawo wa mutanensa. Kafin ƙarshen 1983 adadin ya ninka har ya wuce.

Mu a 1981 rabonmu ya zo. Kakana ya ce ranar da aka buɗe ofis an yi kilisar dawaki, an yanka shanu, makaɗa sun kwana suna aiki. Ofishin kuwa wani tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa ne aka yi wa farar ƙasa, aka kafa allo da tuta a ƙofarsa. Shi kakana aka ɗauke shi akawu a ofishin ma'aji, domin ya yi firamare ya kuma iya lissafi. Aka ɗauki masinjoji da direba da duba-gari da malaman kasuwa, duk 'yan gari. Mutumin da a da sai ya kwana a hanya kafin ya sami hatimin hukuma a takardarsa, yanzu da ƙafa zai taka ya dawo kafin azahar. Wannan jin daɗi na gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san wahalar ƙauye ba.

Sai dai kakana ba ya ɓoye ɗaya gefen. Ya ce tun wata na shida ya gane akwatin baitulmali ba shi da nauyi. Kuɗin da ake tarawa a kasuwa da tasha da mahauta ba su isa ko man mota ba, komai sai an jira kason da zai zo daga sama. Ana cikin haka farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, har gwamnatin Shugaba Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Kason da a da hukuma ɗaya ke ci, yanzu an raba shi gida uku, kowane gida kuma da shugabansa da sakatarensa da motarsa. Malaman firamare suka riƙa yin watanni babu albashi. Mahaifina yana aji biyar a lokacin, ya ce sun fi zama a gindin darbejiya suna wasan langa a kan zama a aji. Ban da haka, a duk shekarun nan ba a yi zaɓen kansiloli ba, gwamnoni ne ke naɗa 'yan kwamitin riƙo.

Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka yi juyin mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. A farkon 1984 aka soke dukan ƙananan hukumomin da farar hula suka ƙara, aka koma 301 na asali, aka kuma naɗa kantomomi su riƙe su.

Na tambayi kakana, "Kaka, wa ya zo ya gaya muku?"

Ya yi dariya ya ce, "Abokina, rediyo. A rediyo muka ji an haife ta, a rediyo muka ji ta mutu. Bambancin kawai, ranar suna an gayyace mu, ranar jana'iza ba wanda ya neme mu."

Bayan 'yan kwanaki wata babbar mota ta zo daga tsohuwar hedkwata. Aka ƙirga kujeru da tebura da keken rubutu, aka loda fayiloli a buhuna, aka sauke tuta, aka karɓi makullai da hatimi. Duk aikin bai kai yini guda ba. Abin da ya biyo bayansa kuwa har yau ba mu gama da shi ba, kuma zan kasa shi kashi huɗu.

Na farko, ma'aikata. Waɗanda dama daga tsohuwar hukuma aka turo su sun koma wurarensu. Waɗanda sabuwar ta ɗauka da kanta, yawancinsu an ce babu gurbinsu. Kakana yana cikinsu. Yana bin albashin wata huɗu, ya yi ta zirga-zirga a kan kekensa har ya gaji, ya koma gona da ɗinkin hula. Ya ce ba korar ce ta fi ƙona masa rai ba, a'a, rashin sanin wanda zai tambaya ne. Wadda ta ɗauke shi babu ita, wadda ta gaje ta kuma ta ce ba ta san shi ba.

Na biyu, bashi. Akwai mai bulo a unguwarmu da ya ba da bulo don ginin ɗakin shan magani, da mahaucin da ya riƙa ba da nama a kan alkawari. Hukumar da ta gaji kujeru da mota ba ta yarda ta gaji bashin ba. A gidajenmu idan mutum ya rasu, sai an biya bashinsa kafin a raba gado. Ban ga dalilin da zai sa hukuma ta fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba.

Na uku, takardu. Buhunan nan an jibge su a wani ɗaki, damina da gara suka yi musu rabon gado. A cikinsu akwai rajistar haihuwa da ta filaye da ta rumfunan kasuwa. Filin da gidanmu yake a kai, takardarsa tana ɗauke da hatimin hukumar da babu ita. Shekaru bayan haka, da wani ya taso da da'awar filin nasa ne, aka nemi rajista aka rasa. Sai da dagaci ya tara dattawan da suka ga lokacin da aka auna filin, suka ba da shaida, sannan ƙura ta lafa. Da a ce dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Na huɗu, aikin da aka fara. Ɗakin shan maganin nan ya tsaya a daidai taga, kuma a nan yake har yanzu, awaki ne ke shan inuwa a ciki. An ƙara ƙananan hukumomi a 1989, suka kai 589 a 1991, suka kai 774 a 1996, amma hedkwata ba ta dawo garinmu ba, wani gari aka ba. Bara da na je karɓar takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, sau biyu muna hawa mota ni da yayana, kuɗin da muka kashe kuwa ya kai na buhun gawayi.

Kada wani ya ce wannan aikin soja ne, ya wuce. A zamanin farar hula ma an ga irinsa. Jihar Legas ta ƙara sababbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da take da su, lokacin Gwamna Bola Tinubu. A 2004 Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Disambar shekarar cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin ba su cika ba tukuna, sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin tsarin mulki. Daga ƙarshe aka mayar da su yankunan raya ƙasa, kuɗin da aka riƙe kuma sai a 2007 Shugaba 'Yar'aduwa ya sake su.

Tsarin mulkin 1999 ya sa abin ya yi wuya ta kowace fuska. Kafin a ƙirƙiro sabuwa, sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun nema, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na jama'a su yarda, sauran ƙananan hukumomin jihar su amince, majalisar jiha ta amince, sannan a je Majalisar Tarayya. Tun da kuma sunan kowace yana rubuce a cikin kundin, goge ɗaya yana buƙatar gyaran tsarin mulki, wanda sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun sa hannu. Akwai wata rushewar kuma ta daban, wato gwamna ya kori zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli ya naɗa 'yan riƙo. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa doka, ta kuma ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Da na kai wa malaminmu na darasin Gwamnati labarin garinmu, sai ya ce ba mu kaɗai ke rage yawan hukumomi ba, in duba yadda ƙasar Japan ta yi nata. Can ƙauyuka sun rasa matasa, kuɗin shiga ya ragu, aka ga dole a haɗe ƙananan garuruwa. A 1999 suna da hukumomin gari 3,232, a 2010 suka koma 1,727. Amma shekara goma sha ɗaya aka ɗauka. Garuruwan da za su haɗe sukan kafa kwamitin haɗin gwiwa, a zauna a kan sabon suna da wurin hedkwata da makomar ma'aikata da bashi, majalisar kowane gari ta kaɗa ƙuri'a, a wurare da dama kuma a tambayi jama'a kai tsaye. Wani ƙaramin gari mai suna Yamatsuri ya fito fili a 2001 ya ce shi ba zai haɗe da kowa ba, kuma aka bar shi. Ba na cewa kowa ya ji daɗi a can, domin ƙauyukan da ke gefe sun yi kukan an yi nesa da su. Amma an yi shawara da su, sun kuma san inda takardunsu suka koma.

Dalilin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, yanzu haka dattawan garinmu suna tara sa hannu don neman a dawo mana da ƙaramar hukumarmu. Mahaifina yana cikin masu yawo da takardar gida gida. Hujjarsa ita ce nisa, da cewa duk abin da aka raba a hedkwata sai ya ƙare kafin ya iso gare mu. Kakana kuwa ya ƙi sa hannu. Ya ce wa mahaifina, "Kai ɗan nan, ni na riƙe littafin kuɗin nan da hannuna. Ku fara nuna mini abin da za ta ci, kafin ku raɗa mata suna." Duk hutun da ya wuce a kan wannan suke, ni kuwa ina gefe ina zuba musu shayi ina saurare.

Ni yaro ne, kuma an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Duk da haka ga ɗan abin da na fahimta. Hukumar da ba ta iya biyan malamanta ba ta cancanci a riƙe ta don tuta da allo kawai ba, saboda haka ba kowace rushewa ce zalunci ba. Zaluncin yana cikin yadda ake yin ta. In har za a rushe, to, a fara tara mutanen wurin a gaya musu dalili da lissafi, a ji ta bakinsu. A ba da wa'adi, don ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta sunan kowane ma'aikaci da inda zai koma, da kowane mai bin bashi da wanda zai biya shi. A miƙa rajistar haihuwa da ta filaye hannu da hannu, da shaidu, a kuma ajiye kwafinsu a kwamfuta tun da yanzu akwai hali. Daga ƙarshe a bar ƙaramin ofis a tsohuwar hedkwata, ko da na ɗaki biyu ne, don kada tsohuwa ta hau mota saboda hatimi guda. Haka nan masu neman sabuwa, su yi wa kansu tambayoyin nan tun kafin a yanka shanu.

'Yan'uwana, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama sakatarori da kansiloli da 'yan majalisa, wataƙila har da gwamna. In Allah ya kai ɗayanmu kujerar da ake soke hukuma da alƙalami, ina roƙonsa ya tuna cewa a bayan kowane suna da zai goge akwai akawu mai iyali, da mai bulo, da takardar filin wani. Ku kuma iyayenmu, muna roƙo ku riƙa ba mu irin waɗannan labarai tun kuna da rai da lafiya, domin ba duka ke cikin littafi ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani, amin.